Neman shawara: na ga tsofaffin kujeru biyu masu ɗinkin hannu a gidan gwanjo, in saya ko in haƙura?

Maman Hanifa, Leeds:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Da fatan kowa ya tashi lafiya. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ɗan ƙure mini, don ranar Asabar ɗin nan za a buga gwanjon.

Shekararmu shida a nan Leeds, gidan haya muke, falon kuma ba wani girma ne da shi ba. Tun zuwanmu doguwar kujera ɗaya muke da ita irin ta kamfani, sosonta ya riga ya lotsa, in babban mutum ya zauna sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Jiya na je wani gidan gwanjo a bayan gari don in duba teburin cin abinci, sai na ci karo da wasu kujeru biyu masu hannu, na zaman mutum ɗaya. Wallahi na fi minti ashirin ina tsaye a kansu. Katakon a sassaƙe yake, ƙafafun a lanƙwashe kamar na barewa, an fitar da 'yar fure a saman majingina. Mazaunin da majinginar da 'yan matasan kan hannuwa duk ɗinki ne na zaren ulu, furanni ja da ruwan hoda a kan ƙasa mai ruwan toka. A majinginar ɗaya akwai mace da tumaki biyu a gindin bishiya, ɗayar kuwa tsuntsaye ne a kan reshe. Da na kai ido kusa sai na ga ɗinkin a jere yake, a ɗan karkace, kamar an shirya ƙwayar gero ɗaya bayan ɗaya, na fuskar matar ma ya fi na ko'ina ƙanƙanta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin babbar riga ne a Zariya. Na tashi ina ganin yadda yake shafe watanni a kan aska takwas guda, yana zaune a zaure da riga a cinya har hasken rana ya gaza masa. Saboda haka in na ga aikin allura na san rayuwar wani ce aka zuba a ciki. Abin da ya riƙe ni ke nan a wurin kujerun nan.

A takardar da aka liƙa musu an rubuta cewa salon Louis na 15 ne, na ƙarni na 19, kuma ana ƙiyasin fam 150 zuwa 250 duka biyun. Lahanin da na gani: ɗinkin mazaunin mai tumakin ya cinye ta gaba har ana ganin ragar da ke ƙasa, hannunta na dama yana motsi in an taɓa, akwai 'yan ƙananan huji a ƙafar baya, sannan suna warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Maigida bai hana ni ba, amma ya ce kuɗin ya isa a ƙara kaɗan a sayi sabuwa mai garanti. 'Ya'yanmu uku, autan shekararsa biyu. Kuma muna da niyyar komawa gida nan da shekara uku ko huɗu in Allah ya yarda, ina so in tafi da su. Shin za su zaunu kuwa? Yaya zan gane na gaske ne? Kuma za su jure Zariya?

Anti Bilki, Birmingham:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Kafin masana su zo, ga abin da ya taɓa ƙona ni. Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ne za ki biya ba. Gidajen gwanjo na nan suna ɗora la'adarsu a kan mai saye, yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sannan a sa harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar. Ga kuɗin mota. Ki tambaye su la'adarsu nawa ce, ki yi lissafinki a gida, ki rubuta iyakarki a takarda. In aka fara tayi zuciya tana ɗaukar zafi, sai mutum ya wuce inda ya yi niyya.

Kuma kada ki nemi 'yar takardar nan ta kariyar gobara da ake ɗinkawa a ƙasan kushin. Dokar 1988 da ta wajabta ta ba ta hau kan kayan da aka ƙera kafin 1950 ba, shi ya sa aka yarda su sayar. Ma'anarsa dai ke ce za ki kula, ban da kusa da hita, ban da kusa da kasko in kina turaren wuta.

Hajiya Mariama, Lyon:

Ƙanwata, barka da wannan ido naki, ɗiyar maɗinki ba ta ɓata. Ni mutuniyar Maraɗi ce, shekarata ashirin da wani abu a Faransa, kuma yawon kasuwar tsofaffin kaya ranar Lahadi ya zame mini jiki. Irin kujerun nan na taɓa su da hannuna ba adadi.

Ki lura da kalmar "salon" da suka rubuta. Gaskiya suka faɗa miki. Louis na 15 ya yi sarautar Faransa daga 1715 zuwa 1774, kuma a zamaninsa ne aka yi yayin lanƙwasasshiyar ƙafar nan. Na magajinsa Louis na 16 miƙaƙƙu ne, masu tsaga-tsaga a tsaye. Kujerar da aka yi a ainihin zamanin, mai lafiya, da ɗinkinta na asali, ba a fam 200 ake maganarta ba. Abin da ya faru shi ne a ƙarni na 19, musamman zamanin Napoleon na 3, daga 1852 zuwa 1870, masu hannu da shuni suka koma sha'awar kayan tsofaffin sarakuna, sai kafintocin unguwar Faubourg Saint-Antoine a Paris suka dinga ƙera irinsu da yawan gaske, aka ci gaba har cikin ƙarni na 20. Naki kusan tabbas cikin waɗannan suke. Wannan ba aibi ba ne. Abin da ya haura shekara 100 shi 'yan kasuwar ke kira kayan tarihi, kuma da yawansu an yi su da ƙwari.

Wadda gefen hannunta yake a buɗe, kina iya zura hannu ta ƙarƙashi, ita ake kira fauteuil. Wadda aka rufe gefenta ruf aka sa mata matashin zama mai cirewa, ita ce bergère, kuma ta fi daɗin zama nesa ba kusa ba. Daga bayaninki naki fauteuil ne. An yi su ne don zaman hira a miƙe, ba don a kishingiɗa a kalli talabijin ba. Ki sa wannan a ranki tun yanzu.

In kin koma, ki roƙe su su kifa miki kujerar. Ki danna mazaunin da tafin hannu: in kika ji sifirin yana tsalle, to cikon na ƙarni na 19 ne ko bayansa, don a ƙarni na 18 ba a saba sa sifirin a kujeru ba, maɗaurin saƙa ne kawai da izgar doki. Amma kada ki yanke hukunci da wannan kaɗai, don akwai tsofaffin da aka sake wa ciki daga baya. Ki haska tocila a cikin katakon da ya kewaye mazauni. Na ƙarni na 18 za ki ga sawun zarto da kayan sassaƙa na hannu, ba sumul ba, kuma a mahaɗa za ki ga kan 'yan turakun katako da aka buga maimakon ƙusa. Kafintocin Paris na wancan lokacin doka ta sa su buga hatimin sunansu a jikin katakon, tun daga tsakiyar ƙarnin har 1791 da aka rushe ƙungiyoyin sana'a. In kin ga suna a kujerar fam 200 kada zuciyarki ta buga, ana yin na jabu.

Sai ɗinkin, wanda shi ne ya ja ki. Iri uku ne ake rikitawa. Akwai saƙa ta masaƙa irin ta garin Aubusson, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2009. Ita ba allura ba ce, zanen a cikin saƙar yake. Akwai aikin allura a kan raga, shi ne kika kwatanta: manyan ɗinki ana ce musu gros point, ƙananan na fuska da hannu petit point. Sannan akwai na inji, tun da wani mai suna Jacquard ya fito da injin saƙarsa a nan garinmu Lyon a farkon ƙarni na 19 ake kwaikwayon duka biyun. Hanyar ganewa mai sauƙi: ki jera kujerun biyu ki dubi fure ɗaya a nan da takwararta a can. In sun zo daidai tamkar an buga tambari, inji ne. Hannu kuwa sai ya bar alama, ganye ɗaya ya ɗara wani, ko zaren ya ƙare an ci gaba da wanda launinsa ya ɗan saɓa.

Maman Hanifa, Leeds:

Allah ya saka da alheri Hajiya, kin buɗe mini ido. Anti Bilki na kira su, sun ce la'adar kashi 25 ce, kuma ranar Juma'a za a sake buɗewa a duba kaya. Abin da ya fi damuna yanzu hujin nan ne da hannun da ke motsi.

Baba Kafinta, Kano:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa zuwa Turai ba, amma shekarata arba'in ina aikin katako, kuma an sha kawo mini irin waɗannan daga gidajen manya in gyara.

Kujera abu biyu ce, ƙashi da tufa. Ke tufar ta burge ki, ni kuwa ƙashin nake tambaya. Ki dafa majingina da hannu ɗaya, ki riƙe gaban mazauni da ɗayan, ki ɗan murɗa a hankali. In hannu ne kawai ke motsi, gam ne ya bushe, kuma gam ɗin mutanen da na fata ne, da ɗumi da laima yake sakewa, a kankare a sake sabo, aikin yini ɗaya. In kuwa jikin gaba ɗaya yana rangaji, to mahaɗan sun saki, kuma ba a kai gare su sai an kwance tufar. Nan kuɗi yake. Wani abin kuma da ba a gani daga waje: duk sanda aka sake wa kujera riga ana buga mata ƙananan ƙusoshi ɗari da wani abu a katako guda. In an yi haka sau huɗu ko biyar, katakon yakan zama kamar soso, ƙusa ba ta kamawa. Ki sa farce a gefen in kin samu inda ya buɗe.

Hujin kuwa na tsutsar katako ne. Ƙwaron yana yin ƙwai, tsutsar ta shekara biyu ko uku ko fiye tana ci a ciki, hujin da kike gani ƙofar fitarta ce bayan ta zama ƙwaro. To huji kaɗai ba ya nufin tana nan. Ki dubi bakinsa: in ya yi baƙi, ƙura ta toshe shi, tsoho ne. In fari ne tas, bakinsa da kaifi, to sabo ne. Ki tafi da baƙar takarda ki shimfiɗa a ƙasa, ki ƙwanƙwasa ƙafar da ɗan yatsa. In gari mai haske ya zubo kamar garin gero, ki yi hattara. Sannan ki danna ƙafar da babban yatsa kusa da ƙasa, in ta lotsa an cinye cikinta, kada babban mutum ya zauna.

Maganar kawo su gida, zan faɗa miki gaskiya don ke 'yata ce. Yawancin kujerun Faransa da na gani da wani farin itace ake yin su wanda ake kira bic da Ingilishi. Yana da tauri, yana karɓar sassaƙa, amma ba shi da ɗacin maɗaci ko ƙarfin loko, gara tana son sa. Sannan hunturunmu. Katakon da ya shekara ɗari a ƙasa mai laima, in ya sha iskar Disamba da Janairu a Zariya sai ya tsuke, mahaɗa su buɗe, in akwai fenti ko ruwan zinare ya fara ɓarewa. Damina ta zo ya kumbura. Ba na ce ba za su rayu ba, na ga waɗanda suka rayu, amma a ɗakin ciki suke, nesa da ƙofa da taga, ba a jingine da bango ba, kuma ana ɗaga su ana duba ƙasansu.

In kujerar zama kike so a gida, ki bari sai kin dawo. Tsofaffin kujerun nan na gidajen ma'aikatan gwamnati na shekarun 1960 da 1970, masu hannun katako da matashi biyu mai cirewa, har yanzu suna nan a gidajen mutane an jibge a sito. Na maɗaci ne da loko, sun riga sun saba da iskarmu. A goge, a sa sabon soso, sai su ƙara wata shekara hamsin.

Ummu Sadik, Manchester:

Ni dai 'yar uwa shawarata ki haƙura. Ba don ba su da kyau ba. Shekara biyu da suka wuce na sayi tsohuwar kujera mai rigar ulu a hannun wani mutum, na kawo ta falo a ranar. Bayan wata biyu na buɗe akwatin da nake ajiye rigunan sanyin yara da wani bargon ulu da mahaifiyata ta ba ni, na tarar asu ya yi musu kaca-kaca. Da na kifa kujerar sai ga 'yan fararen kwasfa kamar ƙwayar shinkafa a manne a lungun ɗinki. Na yi kuka a kan bargon nan. Ga kuma tsoron kuɗin cizo, wanda in ya shiga gidan haya sai kin kashe abin da ya fi kuɗin kujerar.

Sannan yaro ɗan shekara biyu. Zai hau da hannun miya, zai sa yatsa a inda ya cinye ya ja. Za ki wuni kina "sauka, kar ka taɓa", shi bai huta ba ke ba ki huta ba. In katakon mai fenti ne ma akwai maganar dalma a tsohon fenti, yara kuwa komai baki.

Abban Yusra, Landan:

Ina goyon bayan Ummu Sadik a rabi. Maman Hanifa, buƙata biyu kika haɗa wuri ɗaya: kina neman wurin zaman baƙi, kuma kina son aikin hannu. Kujerun nan ba za su biya ta farkon ba. Don zaman yau da kullum ki nemi na shekarun 1950 zuwa 1970. Kamfanin Ercol na High Wycombe, wanda aka kafa a 1920, ya yi kujeru masu firam ɗin katako da matasai masu cirewa, ba su da nauyi, sun dace da ƙaramin falo, madaurin robar ƙasansu in ya saki ana sayar da sabo ki sa da kanki. Parker Knoll kuma suna da masu dogon baya da kunnuwa, dattawa suna jin daɗinsu. Nawa biyu na saya, na zubar da tsohon soson gaba ɗaya don ya zama gari kuma irinsa ne mai saurin kama wuta, na sa sabo, maiɗakina ta ɗinka musu riga mai zif. Ki auna tsayin mazauni daga ƙasa, santimita 43 zuwa 46 shi ne daidai ga yawancin mutane. Kuma ko wacce za ki saya, ki zauna a kanta minti biyar tukuna.

Wani abu da nake so malamai su taɓa: wani mai gyaran kujeru ya gaya mini abin da ake kira izgar doki a cikin tsofaffin kujeru sau da yawa gauraye yake da gashin alade da na shanu. Ga kuma hoton mace da dabbobi.

Malama Ummu Abdallah, Kaduna:

Tambayar tana kan hanya, Allah ya ƙara mana kula da addini. Zan faɗi abin da na karanta, Maman Hanifa kuma ta ƙara da tambayar malamin da ta natsu da shi.

Game da gashi, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, gashi da ulu in aske su aka yi masu tsarki ne, kuma Muhtasar na Shehu Halil ya ambaci cewa ko da na alade ne. Wasu mazhabobin sun tsananta a kan na alade. In zuciyarki ba ta kwanta ba, tunda dai ɗayar za a kwance ta, ki ce a cika miki da zaren ɓawon kwakwa, masu wannan aikin suna amfani da shi.

Game da hoto, hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, yana cikin Buhari da Muslim: ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, sai ta yanka shi ta yi matashi da shi. Daga nan malamai da yawa suka bambanta hoton da aka ɗaukaka a bango da wanda ake zama a kai ko ake jingina. Malamanmu na Malikiyya kuma sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shafe a tufa. Akwai masu ganin a nisanci duka. Abin da zan ce kai tsaye shi ne kada kujerar ta kasance a gabanki in kina salla. Kuma ki lura, in kika cire ɗinkin mai hoton kika sa a firam kika rataya, kin mayar da shi matsayin labulen ne.

Yaya Zainab, York:

Ƙanwata, ina aikin sa kai a wani tsohon gida da aka mayar wurin ziyara, kuma ɓangaren tufafi da darduma aka sa ni, don haka bari in yi magana a kan ɗinkin kawai.

Don Allah, don Annabi, kada ruwa ya taɓa shi. Ban da sabulu, ban da kumfar wankin kafet, ban da injin tururi. Na san hannunmu yana ƙaiƙayi in mun ga datti, amma ragar da ke ƙasa takan tsuke in ta jiƙe, rinin kuma ya zuba, ja ya shiga fari, kuma ba ya komawa. Tun da William Perkin ya gano rinin kimiyya na farko a 1856 aka shiga rina ulu da launuka masu ƙyalli, kuma na farkon nan ba su da riƙo, ga ruwa ga rana. Abin da muke yi shi ne mu yanko ƙyallen gidan sauro mu shimfiɗa a kan ɗinkin, mu rage ƙarfin injin zuƙe ƙura zuwa ƙarshe, mu bi a hankali ta saman ragar ba tare da gogawa ba. Ƙura ta fita, zare ya zauna.

In kin koma ki dubi wurare biyu. Na farko inda aka yi haske, kamar fuskar matar da tsakiyar furanni. Sau da yawa da siliki ake yin su, shi kuwa yana riga ulu mutuwa. Na biyu baƙi da ruwan ƙasa mai duhu, don da sinadarin ƙarfe ake kama rininsu, shi kuma yana cin zaren a hankali, sai ki ga layin da ya kewaye ganye ya zube ya bar rami. Ki shafa da bayan yatsa sau ɗaya. In gari mai launi ya biyo yatsan, zaren ya ƙone, wannan na kallo ne kawai. In ulun yana da laushi da ɗan maiƙo, da sauransa.

Wurin da ya cinye ba a cike shi da sabon zare haka kawai, sabo yana da ƙarfi, sai ya yaga tsohon da ke gefensa. Masu gyara suna sa wani ƙyalle ta ƙasa su ɗaure shi a kai, ko su rufe da siririyar raga mai launin wurin. Makarantar aikin allura ta Royal School of Needlework, wadda aka kafa a 1872, tana fadar Hampton Court, kuma tana karɓar irin wannan aikin, amma ki sani kuɗin gyaran ƙwararru yakan ninka kuɗin kujerar. Mafi sauƙi shi ne mai aikin kushin na gargajiya ya cire ɗinkin mazaunin a hankali, ki naɗe shi da farin ƙyalle, fuskar tana waje, ki ajiye, a sa wa mazaunin yadi mai ƙwari da ya dace, a bar na majingina tunda shi ba ya shan nauyi. Ki ja masa kunne kada ya zubar da izgar ya cusa soso, ita ana tsefe ta a mayar.

Asu kuwa sanyi yana kashe shi. Abin da ya shiga firiza, a ɗaure a leda a bar shi mako biyu a ma'aunin 18 ƙasa da sifiri. Kujera ba za ta shiga ba, don haka ki killace ta a gareji a kan farin zani na wasu makonni, ki sa tarkon asu a gefe, ki ga abin da zai faɗo. Rana ma maƙiyiya ce, a wurinmu labule a sauke yake kusan kullum.

Maman Hanifa, Leeds:

Iyayena da yayyena, na dawo da labari. Jiya Juma'a muka je da Abban Hanifa, da tocila da baƙar takarda kamar yadda Baba ya ce. Da aka kifa su, sifirin ne a ciki, katakon sumul, babu hatimi, ma'aikacin ya ce shi ma yana ganin na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Furannin ba su zo daidai ba Hajiya Mariama, a ɗaya ma akwai ganyen da aka fara da kore mai duhu aka ƙarasa da mai haske. A nan na tsaya na yi shiru, don na tuna mahaifina in zare ya yanke masa a tsakiyar aiki yakan aike ni kasuwa da guntun a hannu in nemo irinsa, kuma ba a cika samun daidai ba.

Mai tsuntsayen lafiyarta ƙalau, ba ta motsi, ulun da laushi. Mai tumakin kuwa da na ƙwanƙwasa ƙafar baya gari ya ɗan zubo, amma ƙafar ba ta lotsa ba. Abban Hanifa da kansa ya zauna a mai tsuntsayen, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in rubuta iyakata. Na rubuta 200. Yau aka buga mini su a 180, da la'ada da haraji ya kama 234.

Suna gareji yanzu a kan farin zani, kowacce a gefenta, ba za su shiga gida ba sai bayan wata guda. Mai tsuntsayen ɗakin kwana za ta, inda auta ba ya shiga shi kaɗai. Falo kuma zan nemi irin waɗanda Abban Yusra ya faɗa. Ummu Sadik, na kwashe duk kayan ulunmu na ɗaure a leda tun kafin motar ta iso.

Baba, mai tumakin fa, in sa mata maganin ƙwari yanzu ko in jira mai gyara?

Baba Kafinta, Kano:

Allah ya sa albarka 'yata, ya jiƙan mahaifinki. Ki jira. Maganin ruwa ne, in ya taɓa ulun zai bar tabo. Bari mai gyara ya cire ɗinkin tukuna, katakon ya fito tsirara, sannan a ɗura maganin cikin kowane huji da sirinji, a shafe sauran da buroshi, a bar shi ya sha iska. Bayan nan ki toshe hujin da kakin zuma mai launin katakon. Duk wanda kika gani a buɗe bayan shekara, sabo ne, sai a sake. Ki ɗauko mini hoton mahaɗar hannun nan ta ƙasa in gani kafin ya sa gam.